Lambar da Mem Ta Toshe

Laraba, 6 ga Nuwamba, biyar na yamma

Na dawo daga laburare jiƙe sharkaf, iska ta kusa jefa ni cikin magudana ni da keken. Amma raina fes. Yau ajin tsofaffin nan da nake koya wa gane 'yan damfarar waya ya fara kama hanya.

Wasan da na haɗa musu ya yi aiki. Saƙo zai fito a babban allo, ya kuma shiga wayar kowa. In kana ganin na gaskiya ne ka danna kore, in na 'yan damfara ne ka danna ja. Wanda ya canka daidai ya samu tauraro. Mutanen da ƙaraminsu ya ba saba'in baya, zo ka ga yadda suke rigima a kan tauraro kamar 'yan firamare! Auke Bouma, da ya ƙare rayuwarsa wajen tatsar shanu, yatsansa ya fi maɓallin faɗi, in ya danna ɗaya sai biyun su dannu. Ya ce, "Baukje, ko ki ƙara wa abin nan girma, ko ki rage mini yatsa."

Mem, uwata da ta haife ni, tana kujerar gaba da tabarau a kan hanci. Shekararta tamanin da ɗaya, kuma na sha lallashi kafin ta yarda ta shigo ajin. Tun bara da wani ɗan iska ya kira ta a wayar gida ya ce daga banki yake, har ta fara karanto masa lambobin katinta, na cire wayar gidan gaba ɗaya na bar ta da ta hannu. Kunyar abin har yau ba ta sake ta ba. Yau kuwa ita ta zo ta ɗaya, ta fita tana wani ɗaga kai.

Daga gobe na'urar za ta riƙa tura musu saƙonnin gwaji har gida, ba sanarwa, tsawon mako biyu. Wanda ya gane tarko ne ya toshe lambar, ya kawo mu gani a aji. Saƙonnin duka ni na rubuta su.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Gerben, maigidana, ya leƙo ta kafaɗata ina gyara wasan, ya ce, "Ina rawayan maɓallin?"

Da farko uku ne. Kore, ja, da rawaya mai cewa "ban tabbata ba, bari in bincika ta wata hanya." Makon farko kowa rawaya yake dannawa, ko da saƙon likitan haƙori ne. Ba mai ci, ba mai faɗuwa, wasa ya ƙi tafiya, har wasu suka fara gyangyaɗi. Sai na cire shi.

Ya ce, "Ai shi ne mai hankalin cikinsu."

Na ce ya je ya duba dankalinsa, na ji ƙauri.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan azahar

Kofi a gidan Mem kamar kowace Lahadi, da burodin sukari yanka ɗaya-ɗaya.

Ta tare ni da labari kamar an shigo mata sata. Wai sabuwar maƙwabciyarta ce ta ƙwanƙwasa mata ƙofa ranar Alhamis, ba waya, ba komai.

"Haka kawai, Baukje! Ina tsaka da guga. Mutum ya faɗo wa mutum kamar ruwan sama?"

"Kin buɗe?"

"Na buɗe mana. Na ce ta dawo Talata ƙarfe uku."

Na yi dariya har na ƙware. Amma ai haka muka tashi. Ni kaina ban taɓa taka ƙofar nan ba tare da na faɗa tukuna ba.

Hoton Heit, marigayi mahaifinmu, yana kan kabad inda yake. Na Siebren, ƙanena, yana bayan agogo inda ya koma tun ranar jana'izar Heit ɗin, da muka ɓata da shi. Na lura an goge masa ƙura.

Saƙonnin gwaji biyu sun shigo mata, ta toshe duka. Ta nuna mini tana washe baki.

Laraba, 13 ga Nuwamba, shida na yamma

Ban san ta ina zan fara ba.

Kowa ya kawo abin da ya kama, ina haɗa wayarsa da babban allo muna gani tare. Auke ya faɗa tarkon "kayanka sun maƙale a hanya," aji ya yi masa ihu, ya ce shi dama yana jiran igiyar famfo ne, laifin wa? Aka zo kan Mem. Ta miƙe tsaye, abin da ba wanda ya yi, ta ce nata huɗu ne.

Uku na tura mata. Na sani, don ni na tsara.

Na huɗun ya fito a allo, manyan haruffa, kowa yana karantawa:

"Mem, ni ne, Siebren. Wannan sabuwar lambata ce. Ko zan iya zuwa shan kofi ranar Lahadi? Ina so in gan ki kafin Alhamis ta sama. In ba ki so, ba sai kin amsa ba."

Wata daga baya ta ce, "Tabɗi! Na'urar nan har sunan 'ya'yan mutum ta sani?" Waɗanda suka san mu suka sunkuyar da kai. Garin nan ƙarami ne.

Mem ta gyara tabarau ta ce, "Wannan ko tunani ban tsaya yi ba. Ɗana ba ya rubuto mini. Nan take na gane, na toshe."

Aka yi mata tafi. Ni ma na tafa. Na ba ta tauraronta da hannuna, na wuce kan na gaba.

Laraba, bayan cin abinci

Na sake duba na'urar daga farko har ƙarshe. Saƙo na huɗun nan ba namu ba ne.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da safe

To, in ba namu ba ne, ai ba shi ke nuna nasa ne ba. Haka 'yan damfara suke yi, kalma da kalma: sabuwar lamba, sunan ɗa, ɗan gaggawa a ƙarshe. Sunayenmu duka suna cikin sanarwar rasuwar Heit a jarida, kowane ɓarawo zai iya tsinta. Bai roƙi komai ba, gaskiya ne, amma su ma ba sa roƙo a saƙon farko. Ni na koya wa aji wannan da bakina.

Mem ta yi daidai. Abin da aka koya mata ta yi.

Na gwada tsohuwar lambarsa, wadda ban goge ba, ban kuma san dalili ba. Murya ta ce lambar ba ta aiki.

"In ba ki so, ba sai kin amsa ba." Wane ɗan damfara ne zai ba ka hanyar gudu? Siebren kuwa tun yana yaro haka yake roƙo, ƙafa ɗaya a waje.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da rana

Mem ta yi daidai.

Asabar, 16 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Na gaya wa Gerben. Da na sani na yi shiru.

"To kira lambar mana," in ji shi.

"Abin da nake hana mutane ke nan."

"Sai ki bi ta wata hanyar. Ai ke ce malamar."

"Ba ni da lambar matarsa."

"Haba, Baukje. Kin san inda Marleen take aiki. Ni ma na sani."

Na ce in shi ne, me ya hana shi rubuto mini? Ya san ni nake kula da wayar Mem, ni nake kai ta asibiti, ni nake canza mata ƙwan fitila, ni, ni, ni, duk shekarun nan, shi yana can garin Deventer yana hutawa.

Gerben ya ce, "Bayan abin da kuka faɗa wa juna a kicin ranar jana'iza?"

"Abin da ya faɗa dai."

Ya dube ni, ya ɗauki rigar sanyinsa, ya fita rumfa gyaran keken da lafiyarsa ƙalau. Kafin ya ja ƙofa ya ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Na ce masa ai hannun ne ya yanke kansa. Ban jin ya ji.

Gobe Lahadi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan azahar

Mem ta je an gyara mata gashi jiya, alhali ba makon gyaran ba ne. Burodin sukarin ma babba ta saya. Ta zauna a kujerar da ke fuskantar titi, wadda kullum take cewa iska na shigowa ta wajen.

Mun yi hirar maƙwabciya, mun yi ta gwiwarta, mun yi ta tsadar man shanu. Duk motar da ta rage gudu sai maganarta ta tsinke, ta sake kamawa daga wani wurin. Da agogo ya buga sha biyu ta tashi ta tattara kofuna, tana ba ni baya ta ce:

"Aikinki ne, na sani. Dole ki gwada mu da abin da zai yi zafi, in ba haka ba ba za mu koya ba. Amma da ba ki sa sunansa ba, 'yata."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe.

Na ce, "To, Mem."

Ta naɗe mini ragowar burodin ta ce in kai wa Gerben, ita ba za ta iya cinye shi ba. A hanya na tsaya bakin gada na yi kuka kamar wata sakarya, wani mai kare ya tambaye ni ko faɗuwa na yi.

Talata, 19 ga Nuwamba, da safe

Ruwa. Ban kira kowa ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba, biyar da rabi na yamma

Yau darasin saƙo mai kulle ne. Na zo da ƙaramin akwati da kwaɗo, na sa takarda a ciki, aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu har ƙarshen tebur. Kowa ya girgiza, ya leƙa, ba mai iya karantawa sai wanda makulli ke hannunsa. Na ce haka saƙonku yake tafiya a waya in manhajar mai kulle ce, ɗan aike yana ɗauka amma ba ya gani. Sun ji daɗinsa. Auke ya yi ƙoƙarin ɓalle kwaɗon da cokalin kofi.

Mem ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu kamar ɗaliba ta ce, "Kwaɗon nan, yana gaya maka wa ya rufe shi?"

Na ce a'a, yana hana na hanya karantawa ne kawai.

Ta ce, "Oho," ta mayar da hannunta cinya.

A wajen ajiye kekuna Auke ya tare ni. Ba wasa a fuskarsa, abin da ban saba gani ba. "Yarinya, na san ki tun kina rarrafe, don haka zan faɗa. Sunan yaron nan da kika sa, ba ki kyauta ba. Mahaifiyarki ta yi ta maza a gaban mutane, amma ina kusa da ita, na ga abin ya taɓa ta."

Na ce na ji, ba zan sake ba.

Ga ni nan, na gwammace a ɗauke ni muguwa a kan in ɗaga waya. Wace irin zuciya ce wannan?

Gobe Alhamis ɗin.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da safe

Alhamis.

Alhamis, da yamma

Na wanke tagogin gidan duka, ciki da waje, ana yayyafi. Gerben ya tsaya yana kallona kawai. Da ya yi faɗa da ya fi mini.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, sha ɗaya na safe

Na yi. Na nemo lambar wurin gashin ƙashi da Marleen take aiki, daga shafinsu na kansu, yadda nake koya wa mutane. Abin da bai ɗauke ni tsawon shan kofi ɗaya ba.

Matar da ta ɗauka ta ce Marleen ba ta nan, ta ɗauki hutu tun makon jiya. Na ce hutun shaƙatawa? Ta ce, "Na iyali ne. Ke wace ce tata?"

Na ce, "Yayar mijinta." Shekara da shekaru ban furta haka ba.

Muryarta ta sauya, ta yi laushi. Ta ce za ta isar da lambata. Laushin nan shi ya tsorata ni.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da rana

Shiru.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da safe

Na ce wa Mem mura nake yi, kada in shafa mata. Ta ce in sha zuma da lemon tsami.

Litinin, 25 ga Nuwamba, uku na yamma

Marleen ta kira. Daga mota take magana, a wajen ajiye motoci na asibiti, don kada Siebren ya ji.

Shi ne ya turo saƙon. Tsohuwar wayar ta wurin aiki ce, ya mayar musu da ya ajiye aikin a watan jiya. Saƙon nan kwana biyu ya yi yana rubuta shi yana gogewa. Ranar Lahadin ya yi aski, ya sa riga mai kyau, ya zauna da makullin mota a hannu yana jiran amsa har rana ta yi. Marleen ta ce masa, "Tashi mu je kawai." Ya ce, "Gidan Mem? Ba tare da ta ce in zo ba?" Daga baya ya ce shiru ma amsa ce, kuma ya cancanta, kada a sake tayar da maganar.

Na ce Alhamis ɗin fa, mene ne?

Ta ce ranar aka yi masa tiyata, ta faɗa mini sunan ciwon. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Na ce to aikin ya yi kyau?

Ta ce, "Sun buɗe, sun duba, sun rufe, Baukje. Abin ya riga ya yi nisa."

Na yi mata bayanin aji, da wasan, da jan maɓalli. Ina magana ina jin yadda abin yake fita daga bakina kamar shirme. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni yaushe na ga saƙon. Na faɗa mata ranar. Na ji tana lissafin kwanakin. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi jibi za a sallame shi ya koma gida, kuma dole ta kashe wayar, lokacin ba shi magani ya yi.

Garin neman gira.

Talata, 26 ga Nuwamba, bakwai na yamma

Na kira Mem da safe na ce zan zo. Ta ce, "Yau Talata ce fa." Na ce na sani. Ta ce, "To ƙarfe biyu, maƙwabciya za ta zo uku."

Maƙwabciya ba ta samu shiga ba yau.

Na faɗa mata a tsaye, ban ko cire rigar ruwa ba. Saƙon ba nawa ba ne. Nasa ne. Na sani tun ranar da ta nuna a aji, ko in ce na kusa sani. Sannan sauran.

Ta zauna a hankali. Ta daɗe tana kallon tebur. Abin da ta fara cewa shi ne, "Kin ba ni tauraro."

"Na ba ki, Mem."

"Aka yi mini tafi."

Na durƙusa kusa da ita, ta janye gwiwarta. Ba da ƙarfi ba, amma ta janye. Ta ce in miƙo mata wayar. Ta riƙe ta da hannu biyu tana dube-dube, ta shiga nan ta fita can, sai ta ɗago ta ce, "Ta ina ake buɗewa?"

Sai a lokacin na gane. Duk makonnin nan na koya musu toshe lamba har sun iya da ido rufe, ban taɓa nuna wa ko mutum ɗaya yadda ake cire toshiyar ba. Ba ya cikin wasan. Ban taɓa tunanin za a buƙata ba.

Na miƙa hannu in yi mata, ta buge shi. "Faɗa mini da baki. Ni na rufe, ni zan buɗe."

Muka bi a hankali, nan, a'a ƙasa kaɗan, wancan mai ɗigo uku. Ta yi kuskure ta koma farko, ta sake. Da lambar ta buɗe sai ta rubuta da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ba ta bari na gani ba sai da ta tura:

"Siebren, Mem ce. Ka zo duk ranar da kake so. Ko ni in zo."

Ta ce in tafi gida, tana so ta zauna ita kaɗai. A bakin ƙofa ta ce, "Ki rufe wuyanki, kina mura." Ta san ba na yi.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da yamma

Mem ba ta zo aji ba. Na yi darasin kalmar sirri kamar wadda aka ɗaura wa dutse. Da aka kusa tashi na ce kowa ya fito da wayarsa, na nuna musu yadda ake cire toshiya. Auke ya ce, "Wa za mu buɗe wa kuma, ɓarayin?" Na ce ku dai koya.

Siebren ya ga saƙon, in ji Mem. Alamar ta nuna. Bai amsa ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da rana

Mem ta kira sau uku tana tambaya ko wayarta ce ta lalace. Na tura mata saƙo don ta ga yana shiga. Ya shiga.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Marleen ta kira. Siebren yana gida, yana kwance a falo don ba ya iya hawa bene.

Wai ya karanta saƙon ya ajiye wayar, ya ce, "Ba Mem ba ce. Mem ba ta iya rubutu a waya ba, ko kira sai an danna mata. Baukje ce ta rubuta don ta ji labari, tausayi ya kama ta. Ba na son sadaka." Mem ta kira shi sau biyu, ya ga lambar, ya ce ni ce ke riƙe da wayar.

Na ce ki gaya masa ta koya! Ta zo ta ɗaya a aji!

Marleen ta ce ta gaya masa. Ta ce, "Kin san shi. Kin san kanki. Ni na gaji, Baukje, ba ni da ƙarfin raba ku yanzu."

Na kira Mem na faɗa mata yadda aka ce, ban rage ba. Na gaji da ragewa. Ta ce, "Ya ce ba ni ba ce?" Na ce haka ya ce. Ta ce, "To," ta kashe.

Asabar, 30 ga Nuwamba, takwas na yamma

Gari bai gama wayewa ba Mem ta kira. "Kawo motar Gerben."

Na same ta a bakin ƙofa da baƙar rigar cocinta da jaka a hannu, keken tafiyarta, wanda take turawa tana dogarawa, a gefe. Na ce bari in kira Marleen in ce muna hanya. Ta ce, "In kika taɓa wayar nan zan hau jirgin ƙasa."

"Mem, ba su san za mu zo ba."

"Na sani. Tuƙa."

Da muka wuce garin Zwolle ta ce, "Gashina ya zauna?" Na ce ya zauna.

Na so in tsaya a mota. Na ma faɗa. Amma gidan yana da matakala a gaba, kuma keken tafiyar ba ya hawa, dole na riƙe ta muka hau. Ita ta danna ƙararrawa. Matar da a rayuwarta ba ta taɓa tsayawa ƙofar kowa ba tare da an sa mata rana ba, ta danna, ta kuma dannawa.

Marleen tana sama, na ji ta ce tana zuwa. Amma shi ya riga ta. Mun ji tafiyarsa a hankali, hannu yana bin bango.

Ba zan kwatanta shi ba. Rigar barci ce a jikinsa, kuma da a titi ne da na wuce shi ban gane shi ba.

Ya tsaya riƙe da ƙofa. Ya ce, "Mem." Sai kuma, kamar yaron da aka kama bai gyara ɗaki ba, ya ce, "Ba ki faɗa za ki zo ba."

Ta ce, "Na faɗa, ka ce ba ni ba ce. To ga ni. Duba da kyau, kada a cuce ka. Ni ce ko ba ni ba ce?"

Bakinsa ya yi ta motsi kafin magana ta fito. "Ke ce, Mem."

"To matsa, sanyi nake ji."

Ta saki hannuna ta kama fuskarsa da hannu biyu, tana cewa ɗana, ɗana, dubi yadda ka koma, wa ya ce ka yi aski da kanka. Ya saki ƙofar don ya rungume ta, ashe ƙofar ce ke riƙe da shi. Na ga ya fara sulalewa ƙasa, ita kuma ba ta da ƙarfin tare ko kyanwa.

Ni ina gefe kamar an dasa ni. Duk maganganun da na tanada masa shekara da shekaru suna nan a bakina, a jere, ban manta ko ɗaya ba.

Ya dube ni ta saman kan Mem. Ya ce, "Ke kuma kin tsaya kallo? Zo ki kama ni, Baukje, zan faɗi."

Na kama shi. Ƙanena, ƙaton da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin ɗin Mem, na tallabe shi da hannu ɗaya na kai shi har kujera, ban ji nauyin komai ba.